Amurka: Hanyoyin samun inshorar lafiya ga wanda ya rasa aikinsa

A ƙasar Amurka, idan aka sallami mutum daga aiki, galibi inshorar lafiyarsa da ta iyalinsa kan tafi tare da albashin. Fiye da rabin al'ummar ƙasar suna samun inshora ne ta wurin aikinsu ko na mazajensu ko matansu ko iyayensu, kuma babu wani tsari na gwamnati guda ɗaya da ke ɗaukar nauyin kowa da kowa. Saboda haka wanda ya rasa aiki yana da ƙayyadadden lokaci, yawanci kwana 60, da zai zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin da doka ta tanada. Abin da zai biya ya dogara ne a kan kuɗin shigarsa, da jihar da yake zaune, da kuma irin takardun zaman da yake riƙe da su idan baƙo ne.

Yadda inshora ta rataya a wuyan aiki

Tsarin ya samo asali ne tun kafin yaƙin duniya na biyu. A shekara ta 1929 asibitin jami'ar Baylor da ke birnin Dallas ya ƙulla yarjejeniya da malaman makaranta, inda kowannensu ke biyan santi 50 a wata domin samun damar kwanciya asibiti har kwana 21 a shekara. Daga nan ne aka samu tushen shirin da daga baya ya zama Blue Cross.

To amma yaƙin ne ya ƙarfafa al'adar. A shekara ta 1942 gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta ƙayyade ƙarin albashi domin daƙile hauhawar farashi, a daidai lokacin da masana'antu ke fama da ƙarancin ma'aikata. Da yake an hana su jan hankalin ma'aikata da albashi mai tsoka, sai kamfanoni suka koma ba su inshorar lafiya, wadda hukumomi suka amince cewa ba ta cikin lissafin albashi. A shekara ta 1954 majalisar dokoki ta tabbatar da cewa ba za a ɗora haraji a kan kuɗin da kamfani ke biya wa ma'aikacinsa na inshora ba. Tun daga wannan lokaci inshora ta wurin aiki ta fi kowace iri sauƙi ga ma'aikaci.

A shekara ta 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa shirye-shirye biyu na gwamnati: Medicare domin waɗanda suka kai shekara 65, da Medicaid domin wasu rukunan talakawa. Majiyin ƙarfi mai shekarun aiki da aka sallama bai shiga cikin ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye ba, kuma yawancin dokokin da suka biyo baya ƙoƙari ne na toshe wannan giɓi.

Tsadar magani ce ta sa batun ke da nauyi. A shekara ta 2023 Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan kiwon lafiya, wato fiye da kashi 17 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ta samar a shekarar. Kwanciya asibiti ta 'yan kwanaki kan iya jawo wa marar inshora bashin dubban daloli. Akwai doka ta shekara ta 1986 da ta wajabta wa sassan gaggawa na asibitoci su duba duk wanda aka kawo cikin mawuyacin hali, su kuma ceto ransa ko da ba shi da ko sisi. Sai dai dokar ba ta yafe kuɗin ba. Takardar neman biya takan biyo shi gida.

Ci gaba da inshorar tsohon wurin aiki

Hanya ta farko ita ce wadda aka fi sani da COBRA, taƙaitaccen sunan wata dokar kasafin kuɗi da shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a shekara ta 1986. Dokar ta bai wa ma'aikacin da ya bar aiki, ko an sallame shi ko shi ya ajiye, damar ci gaba da amfani da inshorar kamfanin har wata 18. Matar da aka saki ko wadda mijinta ya rasu, da 'ya'yansu, kan iya kaiwa wata 36. Ta shafi kamfanoni masu ma'aikata 20 zuwa sama, ko da yake jihohi da dama suna da nasu dokoki makamantanta domin ƙananan kamfanoni. Wanda aka kora saboda babban laifi ba ya cin gajiyarta. Haka nan idan kamfanin ya durƙushe baki ɗaya har shirin inshorarsa ya rushe, babu abin da za a ci gaba da shi.

Matsalar wannan hanya ita ce tsada. Lokacin da mutum ke aiki, kamfani ne ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin, shi kuma a cire ɗan kaɗan daga albashinsa. A ƙarƙashin COBRA shi zai biya duka, da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya. Binciken da cibiyar KFF ke gudanarwa duk shekara ya nuna cewa a shekara ta 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki dala 25,572 ne a shekara, inda ma'aikaci ke biyan dala 6,296 daga ciki. Ke nan magidancin da ya saba biyan kimanin dala 525 a wata zai koma biyan fiye da dala 2,100. Na mutum ɗaya kuwa, wanda ya kai dala 8,951 a shekara, zai kama kusan dala 760 a wata.

Idan aka kwatanta wannan da alawus ɗin rashin aikin yi za a ga girman nauyin. Jihohi ne ke tsara alawus ɗin, kuma yawancinsu kan biya har mako 26. A jihar Fulorida mafi yawan abin da mutum zai karɓa a mako a shekara ta 2024 dala 275 ne, wato ƙasa da dala 1,200 a wata, abin da bai kai kuɗin COBRA na iyali ba balle hayar gida da abinci. Sau biyu gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. A lokacin karyewar tattalin arziki, dokar farfaɗowa ta shekara ta 2009 ta biya wa waɗanda aka sallama kashi 65 cikin ɗari na kuɗin. A lokacin annobar korona kuma an biya musu duka daga watan Afrilu zuwa Satumban 2021. Dukansu na wucin gadi ne, kuma wa'adinsu ya ƙare.

Duk da haka akwai waɗanda COBRA ta fi dacewa da su. Mai fama da ciwon daji da ke tsakiyar magani, ko mace mai juna biyu da ta kusa haihuwa, sauya inshora na iya raba su da likitocinsu. Kazalika, kowace inshora tana da wani adadi da mai ita zai fara kashewa daga aljihunsa a shekara kafin kamfani ya soma biya. Wanda ya riga ya cika wannan adadi kafin a sallame shi, idan ya koma sabuwar inshora zai sake lissafi daga farko.

Dokar ta kuma bar wata kafa da masu ba da shawara kan yi nuni da ita. Mutum yana da kwana 60 ya yanke shawara, sannan kwana 45 bayan haka ya yi biyan farko, kuma idan ya amince, inshorar takan koma baya ta fara aiki daga ranar da ta yanke. Wanda ke sa ran samun sabon aiki nan da wata ɗaya ko biyu zai iya jira. Idan rashin lafiya ta same shi a cikin wa'adin sai ya karɓa ya biya kuɗin watannin da suka wuce, idan kuma lafiya lau ya ƙetare, bai kashe komai ba.

Kasuwar inshora ta Obamacare

Hanya ta biyu ta fito ne daga dokar kiwon lafiya mai rahusa, wadda shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a ranar 23 ga watan Maris na shekara ta 2010, kuma aka fi sani da Obamacare. Kafin wannan doka kamfanonin inshora suna da ikon ƙin karɓar mai ciwon sukari ko hawan jini ko asma idan ya zo saye da kansa, ko su ninka masa farashi. Daga shekara ta 2014 an haramta hakan. Abubuwan da aka yarda su shafi farashi su ne shekarun mutum, da wurin zamansa, da yawan iyalinsa, da shan taba. Ba a yarda a caji dattijo fiye da ninki uku na abin da ake cajin matashi ba.

Dokar ta kafa kasuwanni a intanet inda kamfanoni masu zaman kansu ke baje hajarsu. Gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da shafin HealthCare.gov domin jihohi masu yawa, yayin da wasu kamar Kalifoniya da New York ke da nasu. A ka'ida ana rajista ne sau ɗaya a shekara, daga ranar 1 ga watan Nuwamba zuwa wasu makonni. Amma rasa inshorar wurin aiki kan buɗe wa mutum ƙofa ta musamman, daga kwana 60 kafin ta yanke zuwa kwana 60 bayan ta yanke. Sabuwar inshorar takan fara aiki ne a ranar ɗaya ga watan da ke biye, don haka wanda ya san ranar sallamarsa kuma ya yi rajista tun da wuri ba zai zauna ko kwana ɗaya babu kariya ba. Wanda ya bari wa'adin ya wuce kuwa, sai dai ya jira ƙarshen shekara.

An kasa shirye-shiryen gida huɗu da sunayen ƙarafa. Na tagulla kan ɗauki kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗin magani, na azurfa kashi 70, na zinariya kashi 80, na filatinam kashi 90. Na tagulla ya fi arha a wata, amma abin da mai shi zai fara kashewa da kansa kan kai dubban daloli. Dukansu dole su ƙunshi kwanciya asibiti, da haihuwa, da magunguna, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma alluran rigakafi da wasu gwaje-gwaje kyauta ne. Akwai kuma iyakar abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a shekara, wadda a 2025 ta tsaya a dala 9,200 ga mutum ɗaya, dala 18,400 ga iyali.

Rahusar tana zuwa ne daga tallafin gwamnati, wanda ake aunawa da mizanin talauci na tarayya. A shekara ta 2025 mizanin dala 15,650 ne a shekara ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga iyali mai mutum huɗu, a duk jihohi ban da Alaska da Hawaii. A tsarin dokar na asali, mai samun kuɗin da ya kama daga daidai mizanin zuwa ninkinsa huɗu yana biyan wani kaso na kuɗin shigarsa, daga kimanin kashi 2 zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari, gwamnati kuma ta cika sauran. Bugu da ƙari, wanda kuɗin shigarsa bai wuce ninki biyu da rabi na mizanin ba yana samun sassauci a kan abin da yake biya a asibiti, amma sai idan shirin azurfa ya zaɓa. Ga mafi ƙarancin samu, shirin azurfa kan ɗauki kashi 94 cikin ɗari na kuɗin magani, fiye da na filatinam. Da yawa kan yi asarar wannan dama saboda sun bi arhar shirin tagulla.

A shekara ta 2021 gwamnatin shugaba Joe Biden ta ƙara yawan tallafin. Masu ƙaramin ƙarfi suka samu inshora ba tare da biyan komai a wata ba, aka kuma cire iyakar ninki huɗu, ta yadda babu wanda zai biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a kan shirin da ake auna tallafin da shi. Yawan masu rajista ya tashi daga kimanin miliyan 12 a shekara ta 2021 zuwa fiye da miliyan 24 a shekara ta 2025. Taƙaddama tsakanin jam'iyyun Democrat da Republican a kan tsawaita wannan ƙari tana cikin abubuwan da suka haddasa rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya na kwana 43 a watannin Oktoba da Nuwamban 2025. Wa'adin ƙarin ya cika a ƙarshen shekarar ba tare da majalisa ta tsawaita shi ba, aka koma tsarin asali. A lissafin shekara ta 2026, mutum ɗaya da kuɗin shigarsa ya zarce dala 62,600 ba ya samun tallafi ko kaɗan.

Lissafin kuɗin shiga

A nan ne marasa aikin yi suka fi yin kuskure. Kasuwar inshora tana duba kuɗin shigar gidan ne na shekara guda cur, daga Janairu zuwa Disamba. Albashin watannin da mutum ya yi yana aiki yana ciki, haka kuɗin sallama, da alawus ɗin rashin aikin yi, da albashin mata ko miji, da yawancin kuɗin da aka ciro daga asusun fansho. Saboda haka wanda aka sallama a watan Oktoba bayan ya karɓi albashi mai kyau na wata tara zai iya samun kansa sama da iyakar tallafi, alhali babu abin da ke shigo masa a lokacin. Wanda aka sallama a watan Fabrairu kuwa lissafinsa daban ne.

Tallafin kuma ana bayar da shi ne bisa hasashe. Mai rajista zai faɗi abin da yake tsammanin samu a shekara, a biya wa kamfanin inshora tallafin duk wata, sannan a daidaita lissafi lokacin cike takardun haraji. Idan ya samu aiki a tsakiyar shekara bai sanar ba, hukumar haraji za ta nemi ya mayar da rarar. A da akwai iyakar abin da masu ƙaramin ƙarfi ke mayarwa, amma dokar da aka zartar a shekara ta 2025 ta cire ta daga shekarar haraji ta 2026.

Akwai wani tarkon kuma tsakanin hanyoyin biyu. Wanda ya karɓi COBRA, bayan wata huɗu ko biyar ya ga ba zai iya ci gaba da biya ba ya daina, ba ya samun sabuwar ƙofa ta musamman a kasuwa. Sai dai ya jira lokacin rajista na shekara, ko kuma wa'adin COBRA ɗin ya ƙare da kansa.

Medicaid da bambancin jihohi

Ga wanda kuɗin shigarsa ya yanke baki ɗaya, Medicaid ce hanya mafi arha, domin kusan kyauta ce. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin, jihohi kuma su gudanar. Tana da fa'idodi biyu ga marar aiki: ana rajista a kowane lokaci na shekara, kuma kuɗin shigar wata-wata na halin da ake ciki ake dubawa. Don haka mutumin nan da aka sallama a watan Oktoba zai iya cancanta a watan Nuwamba, duk da albashin da ya karɓa a baya.

Dokar shekara ta 2010 ta so a faɗaɗa shirin ya haɗa da duk baligin da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na mizanin talauci ba, wato kimanin dala 21,600 ga mutum ɗaya a lissafin 2025. Amma a shekara ta 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba za a tilasta wa jihohi ba. Ya zuwa shekara ta 2025 jihohi 40 da gundumar babban birnin tarayya sun amince, na baya-bayan nan su ne South Dakota da North Carolina a shekara ta 2023. Jihohi 10 ba su amince ba, ciki har da Teksas da Fulorida da Jojiya da Alabama da Mississippi da Tennessee.

A yawancin waɗannan jihohi baligi marar naƙasa da ba shi da ƙananan 'ya'ya ba ya samun Medicaid komai talaucinsa. Tallafin kasuwa kuma yana farawa ne daga mizanin talauci zuwa sama, domin masu tsara dokar sun ɗauka cewa Medicaid za ta kula da na ƙasa. Sakamakon haka fiye da mutum miliyan ɗaya sun faɗa tsakani, talaucinsu ya hana su tallafi, jiharsu kuma ta hana su Medicaid. Mutum biyu da aka sallama daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, ɗaya a New Mexico ɗaya a maƙwabciyarta Teksas, na farko zai iya samun inshora kyauta, na biyu ya rasa.

Yara sun fi manya samun sauƙi. Shirin CHIP da aka kafa a shekara ta 1997 yana ɗaukar 'ya'yan iyalan da samunsu ya ɗara iyakar Medicaid, a kowace jiha. Mata masu juna biyu ma iyakarsu ta fi ta sauran manya faɗi. Ba abin mamaki ba ne a samu gida ɗaya da yara ke ƙarƙashin CHIP, iyaye kuma suna saye a kasuwa.

Shirin ya ga sauye-sauye masu yawa a 'yan shekarun nan. A watan Afrilun 2020 kaɗai fiye da mutum miliyan 20 suka rasa aiki saboda annobar korona, kuma majalisa ta hana jihohi cire kowa daga Medicaid a tsawon annobar. Yawan masu cin gajiyar Medicaid da CHIP ya kai kimanin miliyan 94. Da aka ɗage hanin a shekara ta 2023, an cire fiye da mutum miliyan 25, yawancinsu saboda matsalar takardu, kamar rashin mayar da fom a kan lokaci.

A ranar 4 ga watan Yulin 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kasafi, wadda ta tanadi cewa daga farkon shekara ta 2027 manyan da suka shiga Medicaid ta hanyar faɗaɗawar, masu shekara 19 zuwa 64, za su nuna shaidar yin awa 80 a wata na aiki ko karatu ko horo ko aikin sa kai. An keɓe mata masu juna biyu, da naƙasassu, da iyayen yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa. Magoya bayan dokar sun ce za ta ƙarfafa neman aiki ta kuma rage kashe kuɗi. Masu suka kuwa suna nuni da jihar Arkansas, wadda ta gwada irin wannan sharaɗi a shekara ta 2018, inda fiye da mutum 18,000 suka rasa inshora kafin kotu ta dakatar da shi a shekara ta 2019. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya yi ƙiyasin cewa dokar za ta ƙara yawan marasa inshora da kimanin miliyan 10 nan da shekara ta 2034.

Sauran ƙofofi

Wanda matarsa ko mijinta ke aiki zai iya shiga inshorar wancan wurin aikin, amma wa'adin nema a nan kwana 30 ne kacal. Matashin da bai kai shekara 26 ba yana da damar komawa inshorar iyayensa, ko da ya yi aure ko ba ya zaune tare da su. Wanda ya haura shekara 65 yana aiki kuma aka sallame shi yana da wata takwas ya yi rajistar sashen Medicare mai kula da ganin likita. Riƙe COBRA ba ya tsayar da wannan wa'adi, kuma jinkiri kan jawo ƙarin kuɗi na dindindin.

Akwai kuma inshorar gajeren zango da ake tallatawa da arha. Dokar Obamacare ba ta hau kanta ba, don haka tana iya ƙin biyan kuɗin ciwon da mutum ya zo da shi, kuma sau da yawa ba ta ƙunshi haihuwa ko magunguna ba. Gwamnatoci sun riƙa sauya tsawon wa'adinta, daga wata uku a ƙarshen mulkin Obama, zuwa kusan shekara guda a 2018, zuwa wata huɗu a ƙa'idar 2024, wasu jihohi kuma sun hana sayar da ita. Haka nan ƙungiyoyin da mambobinsu ke haɗa kuɗi su biya wa juna magani, a doka ba kamfanonin inshora ba ne, kuma babu abin da ya wajabta musu biya.

Wanda duk ƙofofin suka rufe masa yana da cibiyoyin lafiya na unguwanni da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, waɗanda ke duba fiye da mutum miliyan 30 a shekara, suna caji gwargwadon ƙarfin mutum. Asibitocin da ba na neman riba ba kuma doka ta wajabta musu samun rubutaccen tsarin rangwame ga marasa hali, amma galibi sai majinyaci ya nema. Tarar da gwamnatin tarayya ke ɗora wa marasa inshora ta koma sifiri tun shekara ta 2019, sai dai wasu jihohi kamar Kalifoniya da Massachusetts da New Jersey suna da tasu.

Matsayin baƙi

Ga 'yan Afirka mazauna Amurka, ciki har da 'yan Najeriya da Ghana da Nijar da ke birane irin su New York da Houston, takardun zama ne ke fara yanke hukunci. COBRA haƙƙin ma'aikaci ne da ke cikin shirin kamfani, ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo. Amma dokar walwala ta shekara ta 1996 ta hana yawancin masu katin zama na dindindin shiga Medicaid sai sun cika shekara biyar, ko da yake jihohi da dama sun ɗage wannan sharaɗi ga yara da mata masu juna biyu. A da irin waɗannan baƙi kan samu tallafin kasuwa ko da samunsu bai kai mizanin talauci ba. Dokar shekara ta 2025 ta soke wannan daga 2026, ta kuma tanadi taƙaita tallafin daga 2027 ga masu katin dindindin da wasu rukunai ƙalilan, abin da zai fitar da 'yan gudun hijira da masu mafakar siyasa da ba su kai ga samun katin ba. Marasa takardu ba su da izinin saye a kasuwar ko da kuɗinsu, sai dai taimakon gaggawa da cibiyoyin unguwanni, da kuma shirye-shiryen da wasu jihohi ke gudanarwa da kuɗinsu.

Yadda take a wasu ƙasashe

A Birtaniya wannan tambaya ba ta tasowa, domin hukumar lafiya ta ƙasa da aka kafa a shekara ta 1948 da kuɗin haraji take aiki, kuma mai aiki da marar aiki duk ɗaya ne a wurinta. A Jamus, inda tsarin inshora ya faro tun shekara ta 1883 a zamanin Bismarck, ma'aikaci da kamfani ne ke raba kuɗin, amma idan mutum ya rasa aiki yana karɓar alawus, hukumar ƙwadago ce ke ci gaba da biya masa. Najeriya ma da ma'aikata ta soma, lokacin da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a shekara ta 2005, kafin dokar shekara ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu.

A Amurka yawan marasa inshora ya ragu daga kimanin kashi 16 cikin ɗari a shekara ta 2010 zuwa kimanin kashi 8 a shekara ta 2023, wato mutum miliyan 26. Kasuwar Obamacare da faɗaɗa Medicaid ne suka kawo mafi yawan wannan ragi, kuma su biyun ne ƙarewar ƙarin tallafi da dokar shekara ta 2025 suka fi shafa.